Shekarar da Na Hutar da Mahaifiyarku

Auwalu, Hadiza, Nura, wannan babin ya fi kowanne ba ni wuyar rubutawa. Na sha ɗaukar biro in ajiye. Ya shafi shekarar da mahaifiyarku ta kwanta ciwo, kuma akwai magana ɗaya da ta fito daga bakina a lokacin wadda ba gaskiya ba ce. A kan maganar nan kuka ɗauke wa Iya Basira gaisuwa, maƙwabciyarmu ta ƙasa, har yau in kun zo sai ku wuce ƙofarta kamar ba kowa a ciki. Ba ta yi muku komai ba. Ni ne na yi, kuma ga yadda abin ya kasance.

Kun san gidan da aka haife ku, gidan kakanku mai rijiya a tsakar gida da ɗakuna a jere. Shekara talatin da wani abu mahaifiyarku ta yi a can, kuma ban taɓa ganin ta zauna da rana ba sai in sallah take yi ko tana shayarwa. Da sassafe ta ja ruwa, ta share tsakar gidan nan mai faɗi, ta surfa masara, ta daka acca. Wanda bai taɓa daka acca ba bai san aiki ba, don ƙwayar ƙanana ce kamar yashi, sai an yi ta bugu kafin ta saki dusa. Ita kuwa takan cilla taɓarya sama ta tafa hannu ta cafe, tana hira da matan ƙannena, numfashinta ko canjawa bai yi ba. Ni in fita kasuwar Katako da safe, in dawo da yamma jikina duk garin katako, in tarar da ita tana tankaɗe. Ban taɓa kallon wannan a matsayin ƙarfi ba. Wahala kawai nake gani. Tawa mahaifiyar, kakarku da ba ku riska ba, haka ta yi ta aiki har ta koma ga Allah, tafin hannunta kamar ɓawon itace. Tun ina jan zarto a rumfar wani na ɗaukar wa kaina alkawari: in Allah ya buɗa mini, matata sai ta huta.

Allah ya buɗa. Ba wani arziki ba ne na a zo a gani, amma rumfata ta zama biyu, ku kuma kowa ya kama gabansa, Auwalu a Kaduna, Hadiza a ɗakinta, Nura a makaranta. Sai na kama mana haya a wani gidan bene a unguwar Nasarawa Gwom, nan cikin Jos, hawa na sama, ɗaki biyu da falo da kicin, famfo har banɗaki. Matakala ashirin da biyu ce daga ƙasa zuwa ƙofarmu. Na sayo murhun gas, na sayo injin markaɗe na lantarki, gari kuwa a niƙo a kawo a buhu. Ranar tashi ta sa aka ɗora turminta a mota, na ce a sauke.

"Me za ki yi da shi a can?" na ce. "Hajiya, kin gama daka a duniya."

"Malam, turmi ne fa. Ba ya cin abinci."

"A bar wa matar ƙanena Garba. Ke hutawa za ki je yi."

Ta yi dariya, ta bari.

Gaisuwa iri biyu ce ake yi wa mace in an shigo gida. In an tarar da ita a tsugune gaban murhu ko tana wanki, a ce sannu da aiki. In an tarar da ita a kan kujera, a ce sannu da hutawa. Duk zamanmu a tsohon gida ta farkon kawai na ji ana yi mata. A bene kuwa baƙi su hau suna haki, su same ta a falo ta miƙe ƙafa, su ce, Hajiya sannu da hutawa. Duk lokacin da na ji wannan sai in ji kaina ya yi girma. Ita takan ce yawwa, sannunku, ta juya ta dubi taga. Ban taɓa tambayar ta abin da take kallo ba.

Shekara biyu bayan haka jikinta ya canja. Ta yi ƙiba, ni kuma na ɗauka alamar jin daɗi ce, har ina yi wa abokaina kuri. Sai ciwon kai ya fara, sai jiri, sai ƙafa ta riƙa kumbura da yamma. In mun dawo daga biki sai ta tsaya sau biyu a matakala ta dafa bango. Na kai ta asibiti. Likitan matashi ne, bai girmi Auwalu ba. Ya ɗaura mata abin awo a dantse, ya duba, ya sake aunawa, sannan ya ajiye biro ya fuskance ni.

"Baba, jininta ya hau sosai. Zan rubuta magani, amma magani kaɗai ba zai isa ba. Wane aiki take yi a gida?"

"Ba ta aikin komai," na ce, har da gyara zama. "Na hutar da ita."

"To hutun ya isa haka. Zuciya tsoka ce, in ba ta aiki sai ta yi rauni. Ina so kullum ta yi rabin awa tana motsa jiki. Ba miƙa nake nufi ba. Motsin da zai sa ta yi gumi, numfashinta ya ɗan hau. Tafiya da sauri ta fi sauƙi."

"Likita, mai ciwo ai kwanciya yake yi."

"Ban da wannan ciwon, Baba."

Na ce to a baki. A raina kuwa cewa na yi yaran zamani ne, abin da suka gani a littafi suke maimaitawa. Ita ce ta ɗauki maganar da gaske. Ta gwada fita tafiya kwana uku ta daina, kuma wannan ba ni na hana ba. A unguwarmu dattijuwa ba ta tafiya haka kawai. Kafin ta kai bakin titi mutum biyar sun tsayar da ita: Hajiya lafiya, ina zuwa da sassafe, wa ya rasu? Masu Keke Napep su ci burki su ce shigo Mama, a kai ki. Ga kwata, ga babura, ga ruwan Jos da ba ya sallama kafin ya sauko. Ta gwada zagaya falo, ta ce taku shida ne ta kai bango, kanta juyawa yake yi. Rannan na dawo gida da hantsi ɗaukar wata takarda, tun daga ƙasan bene na ji wani sauti da na sani tun ina saurayi. Ashe ta aika an ɗauko mata turminta daga tsohon gida. Na same ta a barandar baya ta ci ɗamara, gumi na bin wuyanta.

"Likita ya ce in yi gumi," ta ce, ba ta ko tsaya ba. "Ni ban san wani gumi ba sai wannan."

Wata biyu ta yi tana daka kullum da hantsi. Acca, masara, geron kunu. In ta rasa abin dakawa sai ta aika matan unguwa su kawo nasu. Jirin ya tafi, ta daina tsayawa a matakala, ta koma cin tuwo da daɗi. Da muka koma asibiti likitan ya auna, ya yi murmushi, ya ce jinin ya sauka, duk abin da take yi ta ci gaba. Ina zaune a wurin. Ina so ku riƙe wannan, domin kada wani ya ce ban sani ba: da kunnena na ji.

A Katako kuwa labari ya riga ya kai. Wata rana muna zaune a kan katakai muna shan shayi, wani abokin sana'ata da muka taso tare ya dube ni gaban jama'a.

"Alhaji, an ce ka buɗe injin surfe a saman bene. In aiko da masarata?"

"Mu da muka ji an ce Hajiya ta huta," in ji wani. "Ashe canjin wurin aiki aka yi."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Wasa ne irin na kasuwa, zuwa azahar duk sun manta. Ni ban manta ba.

Cikin makon nan Iya Basira ta tare ni a gindin matakala. Kun san ta da fuska kawai, bari in gaya muku ko wace ce. Bayarabiya ce, musulma, ta fi shekara arba'in a Jos, tana sayar da robobi da bokitai a kasuwar Terminus. Mijinta, Baba Basira, direban motar Legas ne, yakan kwana a hanya ya iso da safe ya kwanta. Ta rusuna ta gaishe ni da irin Hausarta, wadda ba ruwanta da mace ko namiji.

"Alaji, ina kwana. Don Allah ina da magana kaɗan, kar ka ji haushi."

"Ina jin ki."

"Wannan daka na Hajiya. Baba Basira yana dawo da safe, yana so ya kwanta kaɗan, turmi yana buga daidai kansa, gim, gim. Ko Hajiya zai iya yi da la'asar? Ko kuma ya sauko da turmi bayan gida, wurin igiyan shanya. Ni ma ina da taɓarya, mu yi mu biyu. Ni ma likita ya ce in rage wannan."

Ta dafa cikinta tana dariya. Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ban rage ba ban ƙara ba. Mace ta roƙi a canja lokaci, ta kuma yi tayin taya mahaifiyarku aiki. Amma ni abin da na gani a idona shi ne matata a bayan gida tana daka gaban 'yan haya, masu wucewa suna ce mata sannu da aiki, labarin kuma ya sake kaiwa Katako. Ranar Asabar mahaifiyarku ta tafi suna. Na ɗauki turmi da taɓarya na sa a mota, na kai rumfa na tura bayan katakai. Da ta dawo ta leƙa baranda ta fito, na riga na shirya abin da zan ce.

"Matar ƙasa ta kai ƙara wurin mai gida. Ta ce ana hana mijinta barci, siminti kuma yana zubo musu. Mai gida ya ce ko turmi ko mu."

"Iya Basira?" ta ce. "Jiya fa muka gaisa, har ta ba ni goro."

"Haka mutane suke."

Ta ce to, ta je ta naɗe tabarmar da take shanya acca a kai. Da yamma Hadiza ta bugo waya, mahaifiyarku ta ba ta labari ina zaune. Hadiza, ina jin muryarki daga inda nake, kina cewa wallahi matar nan ba ta da mutunci. Na ci gaba da shan kununa.

Wata bakwai ta yi a zaune. Tana shan magani, wani lokaci ta manta, ni kuma ba na tunawa in tuna mata. In ta haɗu da Iya Basira sai ta amsa gaisuwa a taƙaice ta wuce. Matar ta hau sau biyu ko uku da ɗan abinci a kwano, ta ga fuska ba a sake ba, ta daina. Baƙi suka ci gaba da cewa sannu da hutawa. Sai wata safiya cikin damina, ruwa na zuba tun asuba, na zauna karyawa, ta miƙo mini kofin shayi. Kofin ya suɓuce ya faɗi. Na ɗaga kai zan yi magana, na ga bakinta ya karkace gefe ɗaya. Ta kira ni, kalmar ba ta fito daidai ba.

Ban san lokacin da na fita ina salati ba. Ƙofar da ta fara buɗewa ta Iya Basira ce. Ta hau da gudu ba takalmi, mijinta na biye da ita, mutumin da bai daɗe da kwanciya ba. Ni na ruɗe, ita ce ta ce a zaunar da ita a kujerar roba a ɗaure ta da zani kada ta zame. Ni da Baba Basira muka ɗauki kujerar, ita tana gaba tana tallafe kan mahaifiyarku, tana cewa sannu Hajiya, kar ka ji tsoro, Allah yana nan. Haka muka sauko matakala ashirin da biyun nan. A motarsu aka kai ta.

A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce, ta hagu, kuma an yi sa'a an kawo ta da wuri. Likitan nan matashi ya zo duba ta a rana ta biyu. Ya ja ni gefe ya tambaya ko ta ci gaba da abin da take yi. Na ce ta daina. Ya tambayi dalili, na dubi ƙasa. Daga baya ni na bi shi har ƙofa na ce, likita, da ba ta daina ba, da hakan bai faru ba? Ya ce ba zai iya rantsewa ba, akwai wanda ke yin komai daidai kuma abin ya same shi. Na san ya faɗi gaskiya, na kuma san ya tausaya mini. Komai da ƙaddarar Allah yake faruwa, na yarda. Amma hannun da ya ɗauki turmin nan nawa ne.

A wannan ranar kuka iso. Iya Basira ta zo da kula cike da farfesu, ta tsaya a ƙofar ɗaki. Hadiza, ke kika tashi kika ce mata an gode, mun ƙoshi, kika mayar da ƙofa. Auwalu ya ce da ba don ita ba ai da ba mu zo nan ba. Ina tsaye a jikin taga. Kalma uku za su isa in gyara komai. Ban buɗe baki ba, kuma a duk abin da na yi wannan shirun ya fi damuna.

Mako uku muka yi aka sallame mu. A kujera aka hau da ita, kamar yadda aka sauko da ita. Ku kuka koma wuraren aikinku, aka bar mu mu biyu. Aka haɗa mu da wata ma'aikaciya daga sashen motsa gaɓoɓi, wanda mutane ke kira gashi. Sista Chundung ake ce mata, 'yar ƙasar nan ce, doguwa, ba ta da wasa in ana aiki. Ranar farko ta dubi falon, ta dubi matakala, ta faɗi magana a fili gaban mahaifiyarku.

"Mama, ƙafar nan za ta iya dawowa, amma sai kin neme ta. In kika zauna, ba za ki ƙara sauka daga benen nan ba sai an ɗauke ki. Zuciyar ma tana son aiki, in ba haka ba abin zai iya komowa."

Ni da jin haka sai na ce to mu nemi gida a ƙasa, a hutar da ita hawa da sauka. Mahaifiyarku ta juyo da ƙyar ta dube ni. Harshenta bai gama warwarewa ba a lokacin, amma kowa ya ji abin da ta ce.

"Malam. Ka bar hutar da ni."

Sista Chundung ta nuna mana cewa falon nan mai taku shida ya isa. Da farko tashi da zama ne kawai daga kujera, sau biyar, a huta, a sake. Bayan mako biyu sai tsayuwa a dafa bayan kujera, a riƙa ɗaga gwiwa ɗaya bayan ɗaya kamar mai tafiya amma ba a barin wurin. Minti uku, sannan biyar, sannan goma. Ta ce ma'aunin shi ne numfashi: in tana iya magana amma ba za ta iya waƙa ba, to daidai ne, in maganar ma ta gagara a tsaya. Mahaifiyarku ta ce ita da ma ba ta waƙa gaban Malam, Sista ta yi dariyarta ta farko a gidanmu. Ƙidaya ta riƙa rikice mana, sai mahaifiyarku ta samo dabara: kowane taku da tasbihi ɗaya, talatin da uku Subhanallahi, talatin da uku Alhamdu lillahi, sannan kabbara. Ƙafa na aiki, harshe ma na warwarewa. Sista ta ce ni ma in tsaya gefenta in yi, don tumbina bai fi na kowa kyau ba. Na ɗauka abin wasa ne. Kafin mu kai kabbara ina haki kamar wanda ya ɗauko gungume.

"Sannu da aiki, Malam," in ji mahaifiyarku, bakin nan a ɗan karkace.

Da ta ƙara ƙarfi aka ce a samo ɗan akwati mai tsawon taƙi ɗaya, wanda za ta riƙa hawa tana sauka, don ta koyi matakala tun a falo. Wannan aikina ne. Na je rumfa na zaɓi guntun maɗaci mai nauyi na haɗa. Sai na tuna da Baba Basira da barcinsa na safe, na yanko tsohuwar taya na buga a ƙarƙashi don kada a ji ƙara a ƙasa. Na ɗora akwatin a siminti na taka da ƙarfi, shiru. Duka aikin tayar bai ci rabin awa ba. Na tsaya da guduma a hannu ina kallon bayan katakai, inda turmin yake kwance ƙura ta rufe shi. Shekara arba'in ina sana'ar itace. Na san abin da ke kashe ƙara. Da na so, da ranar da Iya Basira ta yi magana na yanka taya na shimfiɗa masa a gindi, ko in ce a mayar da dakan la'asar, shi ke nan. Na zauna a kan benci har aka kira azahar. Turmin yana nan har yau. Hannun hagun mahaifiyarku bai dawo yadda zai riƙe taɓarya ba, kuma ba zai dawo ba.

Iya Basira ba ta yi fushi ta zauna ba. Tana jin ɗan motsinmu daga ƙasa, rannan sai ta hau ta yi sallama, ta ce ita ma a sa ta a layi. Mahaifiyarku ta karɓe ta da kunya, don ta tuna wanda ya tallafe mata kai. Suka riƙa yi tare da la'asar, ɗaya na hawa akwati ɗaya na ɗaga gwiwa. Wata rana sun zauna suna share gumi, ni ina gefe, sai Iya Basira ta yi ajiyar zuciya.

"Kai, Hajiya. Da tun farko ka sauko da turmi bayan gida yadda na gaya ma Alaji, da mun daɗe muna yi tare. Na ɗauka kai ne ba ka so."

Mahaifiyarku ta juyo. Ta dube ni sau ɗaya, ta ci gaba da hira har baƙuwar ta sauka. Sannan ta ce in rufe ƙofa.

"Ba ta kai ƙara ba."

"Ba ta kai ba."

"Mai gida bai ce komai ba."

"Bai ce ba. Ni ne. An yi mini dariya a kasuwa."

Na faɗa mata duka, ba ta katse ni ba. Ban ga hawaye ba, ban ji faɗa ba. Da na gama ta daɗe tana murza hannunta na hagu da na dama.

"Hannun nan na bar wa Allah," ta ce. "Amma ka sa na yi wata bakwai ina ƙin baiwar Allah a banza, ina sallah da ƙinta a zuciyata. Ka sa 'ya'yana sun mayar mata da abinci. Wannan ka je ka gyara."

Washegari na sauka na cire hula a ƙofar Iya Basira na faɗa musu ita da mijinta. Baba Basira ya girgiza kai kawai. Ita ta riƙe haɓa ta ce, haba Alaji, babba da kai, sannan ta ce ya wuce, Allah ya yafe mana duka. Rabin gyaran ke nan. Ɗaya rabin ku ne, kuma na yi ta cewa sai kun zo hutun sallah, in kun zo kuma in ce sai wani zuwan. Mahaifiyarku ba ta faɗa muku ba, ta ce bakin da ya ɓata shi zai gyara. Yanzu kun karanta. Abin da ya kamata ku yi kun san shi, ba sai na rubuta ba.

Wata biyar bayan sallamarmu, wata Juma'a da hantsi, ta ce yau za ta sauka. Duk tsawon lokacin nan in za a je asibiti a kujera ake ɗaukar ta, ƙafarta ba ta taka ƙasa da kanta ba. Na ce ko a jira Sista, ta ce Sista ta riga ta ba da izini tun makon jiya, ni ne ba a gaya wa ba. Ta yafa mayafi, ta kama ƙarfen matakala da hannun dama. Na sha gabanta ina saukowa da baya, na miƙa hannu zan kama mata gwiwar hannu.

"Mayar da hannunka baya."

"In kin zame fa?"

"In na zame ka tare. Ban zame ba tukuna."

Na mayar da hannuna baya na haɗa su. Na ɗauki gungumen da mutum biyu ke ɗauka, na yi jan zarto daga safe zuwa magariba, amma ban taɓa aikin da ya kai wannan wuya ba. Ta sauke ƙafar hagu, ta biyo da ta dama. Subhanallahi. Ta sake. A ta goma sha ɗaya, inda matakalar ke juyawa, ƙafar ta yi rawa, na zabura, ta harare ni, na koma. Ta tsaya ta numfasa, gumi ya tsatsafo mata a goshi, ta ci gaba. Ba wanda ya yi magana sai ita da tasbihinta. Da ta sauke ta ƙarshe ta saki ƙarfen ta tsaya a tsakar gidan, ƙasa a jiƙe da ruwan daren jiya. Ta zare silifas ɗinta ta taka da tafin ƙafa. Na juya ina gyara hula don kada ta ga idona.

Ta ɗan jima a haka tana kallon igiyar shanya da kajin maƙwabta. Sannan ta mayar da silifas, ta juya ta ɗaga kai ta dubi matakalar tun daga ƙasa har ƙofarmu.

"To, Malam," ta ce. "Matsa. Saura hawa."